Zuwa ga Edita: "Ai ba ka yi kama da mara lafiya ba"

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatanka, don Allah ka ɗan ara min fili a jaridar nan in amayar da abin da ya daɗe yana cina a rai. Ni mazaunin Agege ne a nan Legas, nan aka haife ni nan na girma duk da iyayena daga Arewa suka zo, shekarata 34, ina da mata da yara biyu, kuma ina ɗauke da sikila, wato amosanin jini, SS. Wallahi sai da na rubuta kalmar nan na goge har sau uku kafin na barta, don a cikin duk mutanen da muke cuɗanya da su kullum a kasuwa da masallaci waɗanda suka san haka ba su cika goma ba.

Abin da ya sa na kasa yin shiru ya faru ne a azumin da ya wuce. Ina aiki a kasuwar Mile 12, ni ke riƙe wa wani dillalin tumatir da tattasai littafi, in tirela ta iso daga Arewa ni zan ƙirga kwanduna in rubuta wa ya ɗauka wa ya biya wa ya rage. Ranar nan wajen ƙarfe biyu rana ta take, kun dai san zafin Legas mai haɗe da gumi kamar an kifa maka tukunya a ka, sai na fara jin alamar nan da na sani tun ina yaro, wani ɗan tsuki a ƙasan baya da gwiwa kamar ana ɗaure ni da waya a hankali. Duk mai sikila ya san wannan sallamar. Sai na zaga bayan wata tirela inda nake ganin ba kowa, na tsuguna na fasa ledar fiya wata biyu na shanye na haɗiyi magani. Ɗagowar da zan yi sai ga wani dattijo da nake gaisarwa kullum, mutumin kirki ne ban taɓa jin abin ashsha a kansa ba, yana tsaye yana kallona. Ya ce subhanallahi, ƙato da kai da gemunka, zaman Legas ɗin ne ya kai ka ga shan azumi a ɓoye? Na ce Baba ba ni da lafiya ne. Ya dube ni tun daga hula har silifas, ya ce "ai ba ka yi kama da mara lafiya ba", ya juya ya tafi. Kafin magariba zance ya zaga rumfuna, da aka shimfiɗa tabarmar buɗa baki yaron da ya saba miƙo min kunu ko kallona bai yi ba.

Ba zagin ne ya dame ni ba Malam Edita, an zage ni ya fi a ƙirga. Maganar nan ce, ba ka yi kama da mara lafiya ba, don tun ina firamare nake jin ta, daga bakin malami, daga bakin kondasta, daga bakin oga, daga bakin nas, har daga bakin dangi. Ina son a gaya min, da me mara lafiya yake kama? Dole sai an gan ni a kwance da robar ƙarin ruwa a hannu sannan za a yarda?

Bari in ɗan faɗi abin da ke faruwa a cikin jikin irinmu yadda likitoci suka fahimtar da ni, don da yawa sunan kawai suka sani. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya zagayayyu ne masu laushi, suna ratsa ƙananan jijiyoyi su kai iska ko'ina, kuma kowacce takan yi kwana 120 kafin ta mutu jiki ya yi sabuwa. Namu in suka rasa iska ko ruwa ya yi ƙasa a jiki sai su lanƙwashe su zama kamar lauje su yi tauri, kwana 10 zuwa 20 sun mutu, shi ya sa kullum jininmu a ƙasa yake, shi ya sa gajiya ba ta rabuwa da mu, shi ya sa wani lokaci za ka ga idonmu ya yi ɗorawa mutane su ce shawara ce a kawo saiwa. In kuma suka cunkushe a jijiya suka toshe hanya, to wajen da jinin bai kai ba shi ne zai fara ihu. Abin da ke tayar da shi kuwa ba wani abu ne mai nisa ba, ƙishirwa ce, sanyi ne, dukan ruwan sama ne, zazzaɓin cizon sauro ne, wahala ce ta wuce kima. Ka ga ke nan wuni ba ruwa a zafin Mile 12 a wajena ba ƙaramin abu ba ne. Na gwada ai, ba wai ban gwada ba. Ina ɗan shekara 19 kunya ta sa na dage sai na yi azumi kamar sa'o'ina, a kwana na shida aka kwashe ni ranga ranga, na yi kwana tara a gadon asibiti aka ƙara min jini leda biyu, mahaifiyata ta sayar da ɗan kunnenta. Tun daga nan likita ya ce kar in sake, na je wajen malaminmu ya karanto min ayoyin Baƙara na 184 da 185 inda Allah da kansa ya ɗauke wa mara lafiya, ya ce tunda ciwonka ba mai tafiya ba ne ciyarwa za ka riƙa yi, kuma ita nake yi duk shekara. Akwai masu sikilar da suke iya azumi jikinsu ya ɗauka, ba na musu, kowa da yadda nasa yake. Nawa dai bai ɗauka. Allah ya yi min rangwame amma mutane sun ƙi yi min.

Shi ciwon kansa in ya tashi sosai ban san da me zan kwatanta shi ba. Ka ɗauka an sa guduma ana farfasa maka ƙashi daga ciki, ba a tsayawa, ba kwanciyar da za ka yi ka ji daɗi, ka juya dama ka juya hagu ka durƙusa ka kifa kai a katifa, numfashi ma sai ka lallaɓa shi. Abin da na fi tunawa a yarintata shi ne mahaifiyata ƙarfe uku na dare ta hura risho ta ɗora ruwa, tana tsoma tawul tana matsewa tana gasa min ƙafa, bakinta yana motsi da addu'a hawaye na ɗiga a kan tawul ɗin, ni kuma ina cije filo don kar in tashi maƙwabta, kun san gidajen haya na Agege ɗaki na kallon ɗaki, tari ma in ka yi an ji. To a nan muka koyi shiru. Bayan kwana huɗu ko biyar sai ya lafa in yi wanka in sa kaya masu guga in fito, mutane su ga saurayi tsaf. Daren ba wanda ya gani sai ita, yanzu kuma sai matata.

Legas kuma gari ne da ba ya jiran kowa. Mu Hausawan nan yawancinmu da ƙarfin jiki muke ci, dako, gadi, lodi, turin baro, acaba kafin a hana shi a manyan unguwanni, aikin mayanka a Oko-Oba, dabbobi a Alaba Rago, duk wanda ka gani jikinsa ne jarinsa, saboda haka a cikinmu ba zagin da ya kai a ce maka rago. Ni kuma shekara biyar ke nan ƙuguna na hagu ya fara lalacewa, likita ya nuna min a hoto yadda kan ƙashin cinyar yake mutuwa saboda jini ba ya isarsa, abu ne da ya zama ruwan dare ga masu sikila in sun girma. Ba na ɗingishi sosai, na koyi tafiyar da ba za a gane ba. Amma ka sa ni hawa gadar ƙafa ta Oshodi da yamma, mutane na turo ka ta baya ana yi sauri yi sauri, wallahi kowace matakala sai na ƙirga ta, in na kai sama sai na riƙe ƙarfe na yi kamar ina duba waya alhali jira nake ƙafar ta dawo. Rannan a BRT na samu kujera bayan na yi kusan awa a layi, sai wata mata mai ɗan shekaru ta shigo ta tsaya a kaina, na san abin da ya kamata, tarbiyyar da aka yi min ke nan, amma na san in na tashi na tsaya a gosulon nan har mu kai to gobe ba zan fita ba. Ban tashi ba. Aka yi ta yi da ni da Yarbanci da Turancin buroka, duk na shanye, wanda ya soke ni shi ne wani ɗan uwana Bahaushe daga baya da ya ɗaga murya ya ce kai ka ba mu kunya, ba a haka aka san mu ba. Na so in juya in ce masa ɗan uwa ƙashina ne ke ruɓewa, amma a cikin bas cike da mutane ta ina zan fara.

Haka a masallaci. Ranar da ƙugun ya matsa nakan ja kujerar roba in yi salla a ƙarshen sahu tare da tsofaffi, sai ka ga ana satar kallona, wani ma bayan sallama ya ce samarin yanzu son jiki. Alhali hadisin da malamai ke kafa hujja da shi kan salla a zaune, na Imrana ɗan Husaini ne Allah ya ƙara masa yarda, yana cikin Bukhari, kuma ciwon da ya kai kuka a kansa basir ne. Basir fa, ciwon da ba mai gani. Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam bai ce masa ai ba ka yi kama da mara lafiya ba, bai ce kawo shaida ba, ya ce ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji sanyi a raina, sai kuma in yi mamakin inda muka samo namu tsananin.

Wanda ya fi min ciwo duka shi ne na asibiti, don can ne kake zaton za a gane. Wani dare a damina ruwa ya dake ni daga kasuwa zuwa gida, kafin ƙarfe ɗaya ciwo ya tashi, matata ta samo mai keke da kyar muka je wani asibiti, ba zan faɗi sunansa ba. Na zauna a benci na dunƙule ina zufa ban yi ihu ba saboda na saba dannewa. Nas ɗin ta dube ni ta ce wa abokiyar aikinta, da Turanci tana zaton ba na ji, irin su ne, allura yake nema. Awa biyu ina zaune. Ka gani, in ka yi shiru a ce ba ka jin ciwo, in ka yi kururuwa a ce wasan kwaikwayo kake, in ka faɗi sunan maganin da ya saba yi maka aiki a ce ɗan ƙwaya ne tunda har suna ya sani. Mutumin da ya yi shekara 30 yana shan magani ba zai san sunansa ba? Ba zan ɓoye ba, akwai 'yan uwanmu masu sikila da allurar kashe ciwo ta zame musu jaraba, na san wasu, har da wanda cinyoyinsa suka lalace da tabon allura. Amma ka bi diddigi ka ga yadda suka fara, yawanci wulaƙancin asibiti da tsadarsa ne ya kora su kemis suka koyi yi wa kansu. Kuma gaskiya akwai nas nas da likitocin da ba zan taɓa mantawa da alherinsu ba, akwai wadda ta taɓa zama a gefena ta riƙe min hannu har allura ta kama, Allah ya saka mata.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Tunda na fara lura sai na ga ashe kasuwar nan cike take da masu ɗauke da kaya a ɓoye. Mai ciwon suga da ke zagawa bayan rumfa ya yi wa kansa allurar insulin kamar mai aikata laifi. Mai hawan jini da ba ya jin komai sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi, akwai wani mai gadi a layinmu da aka yi ta cewa jifa aka yi masa alhali ya daina shan maganinsa ne don ya ga ya ji sauƙi. Mai asma da hayaƙin janareto da na danfo ke shaƙe shi. Mai ciwon ƙoda da ke zuwa wankin ƙoda sau biyu ko uku a sati ya dawo ya zauna a shago kamar ba komai. Mai farfaɗiya da in ta faɗi ake watsewa wai kar a taɓa yawunta, alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta, ciwon ƙwaƙwalwa ne kuma akwai maganin da ke riƙe shi. Mai ciwon damuwa da ake ce wa ƙarancin imani ne. Mata kuwa nasu ya ninka namu, ni in na kwanta a ce ba shi da lafiya ko a ce rago a wuce, ita in ta kwanta ga girki ga wanki ga yara ga dangin miji na cewa an auro musu langaɓaɓɓiya, kullum ciwo kullum ciwo, ƙarshe a yi mata kishiya ko a miƙa mata takarda. Na san wadda aka saka saboda haka, da ɗanta a goye ta hau motar Kano.

Abin da ke ba ni mamaki, ciwon nan namu ba baƙo ba ne. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu sikila, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara a ƙasar nan, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, wato ya gaji ƙwayar sikilar daga ɓangare ɗaya na iyayensa amma shi ba ya ciwon, ko ya sani ko bai sani ba. Wato a kowane sahun salla akwai su. Amma har yau a gidajenmu in yaro ya cika ciwo sai a ce mayu, a ce iska, a ce sanyin ƙashi, in yara suna mutuwa a jere a ce wabi, Yarbawa maƙwabtanmu su ce abiku. Yayata da nake bi ta rasu tana shekara shida, ban ma san ta sosai ba, an yi ta yi mata hayaƙi da rubutu da tsaga, sai da aka gwada ni daga baya sannan mahaifinmu ya gane abin da ya ɗauke ta. Har ya koma ga Allah in aka ambace ta sai ya yi shiru ya sunkuyar da kai. Ba na hana addu'a, ni ma da ita nake rayuwa, amma a haɗa da asibiti.

A nan Legas ɗin ma akwai Cibiyar Sikila ta Ƙasa a Idi-Araba, tana kallon asibitin koyarwa na LUTH, ta gidauniyar sikila da Farfesa Olu Akinyanju ya kafa a 1994. Idi-Araba fa, unguwar da Hausawa suka cika ta tun kaka da kakanni, amma ka tambayi matan unguwar nawa ne suka san abin da ake yi a ginin. Ana gwajin jini a san rukunin mutum, ko AA ne wato marar ƙwayar sikila ko AS ko SS, ana ba da shawara, ana yi wa yara wani gwajin kai da na'ura da ake kira TCD, daga shekara 2 zuwa 16, wanda ke nuna yaron da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun kafin abin ya faru a tare shi. Eh, yara ƙanana masu sikila suna samun shanyewar ɓarin jiki, mu kuma sai mu ce aljani ya taɓa shi. Akwai folik asid da muke sha kullum, akwai maganin kariya daga maleriya, akwai haidiroksiyuriya wanda ni tunda likita ya ɗora ni a kansa tashin ciwon ya ragu sosai, sai dai kuɗinsa duk wata ba wasa ba kuma ba a shan sa sai da likita yana duba jini. Duk wannan bayani yana nan amma da Turanci yake yawo, da Yarbanci, da buroka. Ranar sikila ta duniya 19 ga Yuni duk shekara za ka ga an yi tattaki an sa riguna an yi jawabi, matar da ke cikin lungu a Agege da jaririnta mai kumburin hannu da ƙafa yana tsala kuka, wanda sau da yawa ita ce alamar farko tun yaro na wata shida, ba wanda ya gaya mata da harshen da take ji.

Sai maganar gwaji kafin aure. Na ji daɗi da jihar Kano ta yi doka a 2024 cewa sai an yi gwajin lafiya har da na rukunin jini kafin a ɗaura aure, kuma ina roƙon limamanmu na nan Legas su ma su riƙa tambayar takardar. A gane lissafin da kyau, in AS ya auri AS kowane ciki da aka ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, kowane ciki fa, ba wai sai ɗa na huɗu ba kamar yadda wasu ke cewa za mu haifi uku mu tsaya, a gidanmu ta fari da na biyu ne. A kuma yi gwajin a wuri mai inganci, in da hali a maimaita a wani wajen, don ana samun kuskure. Amma don Allah masu wa'azin gwaji ku riƙa tauna magana, wani in ya tashi jan kunne sai ya riƙa kwatanta mu kamar gawa ce ke yawo, ba sa wuce shekara 20, asarar kuɗi ne, kaza kaza, kuma muna zaune a wajen muna ji, yara masu ciwon ma suna ji. Ni an ce ba zan kai 18 ba, da na wuce aka ce 25. A garin nan aka yi Alhaja Laguda, mai sikila ce, ta kai shekara 94 a duniya. Neman aurena na farko da maganar nan aka rushe shi, kawun yarinyar ya ce ba za su ba da 'yarsu ta zama bazawara da ƙuruciya ba, ko gwajin ba a bari an yi ba. Wadda Allah ya ba ni AA ce, na gaya mata komai tun ranar farko, ta ce ta ji ta gani, yaranmu biyu AS ne lafiyarsu ƙalau, kuma za su tashi da sanin rukuninsu kamar yadda suka san sunansu.

Ana maganar warkewa, gaskiya ne akwai dashen ɓargo, an fara yin sa a birnin Benin na jihar Edo tun 2011 kuma LUTH ma ta fara, amma miliyoyin naira ne kuma sai an samu wanda ɓargonsa ya dace. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani sabon magani na gyaran ƙwayar halitta, kuɗinsa ya haura dala miliyan 2. Mai riƙe littafin tumatir ba da shi ake wannan zancen ba tukuna. Dokoki ma akwai, ta tarayya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019 kan hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, da ta jihar Legas ta 2011 da ta kafa LASODA, hukumar kula da masu buƙata ta musamman, amma mu da muke aikin kasuwa ba takardar ɗaukar aiki ba hutun ciwo, ranar da ba ka fita ba ba ka da komai, rayuwarmu a hannun oga take. Na taɓa aiki a wani shago da aka sallame ni bayan kwanciya ta biyu, mai shagon ya ce shi ba asibiti ya buɗe ba. Ogana na yanzu kuwa, Allah ya yi masa albarka, ranar da na cire kunya na gaya masa, shiru ya yi sannan ya ce to me ya sa ba ka faɗa ba tuntuni kana ta ɗaga kwando? Ya cire ni daga lodi ya miƙa min littafi da biro, ya sa aka ajiye min benci a inuwa da jarkar ruwa, in hadari ya haɗu shi da kansa yake cewa tashi ka tafi kar ruwa ya taɓa ka. Ko sisi bai kashe ba, kuma shekara shida ke nan lissafinsa bai taɓa ɓata ba.

Roƙona gare ka Malam Edita, ku ware mana ko rabin shafi ne lokaci lokaci, ku kawo likita ya yi bayani da Hausa, ku bar masu irin waɗannan cututtuka su faɗi yadda suke kwana da bakinsu, ba sai ranar 19 ga Yuni kawai ba. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da sauran unguwanni da shugabannin kasuwa, kuna da bakin da ake ji, ku gayyato masu gwaji su zo har ƙofar fada ranar da mata za su iya fitowa. Limamai ku sa shi a huɗuba kafin azumi ya zo, ku faɗa ƙarara cewa akwai waɗanda Allah ya ɗauke wa kuma ba dole ne a gani a fuskarsu ba, don mai suga da mai olsa da mai ƙoda su daina ɓuya a bayan tirela da ban ɗaki suna shan ruwa kamar ɓarayi. Samarinmu majiya ƙarfi kuma ku riƙa ba da jini, namiji mai lafiya yana iya bayarwa duk bayan wata uku, ni jinin mutanen da ban sani ba ne ya tashe ni har sau huɗu. Wanda kuma abokin aikinsa ko matarsa ko yaron shagonsa ya ce masa yau jikin ba daɗi, ya yarda da shi, ya tambaye shi me zan yi maka.

Ina roƙon kar a buga sunana. Ba don kaina ba, ni na gaji da ɓuya, sai don ƙanwata da ake neman aurenta yanzu, ita AA ce amma mun riga mun ga yadda manema biyu suka janye da jin cewa akwai sikila a gidan. In Allah ya sa aka ɗaura, zan sake rubuto muku da cikakken sunana.

Dattijon nan kuwa har yau in na gaishe shi da kyar yake amsawa, kuma ban riƙe shi a rai ba, abin da idonsa ya nuna masa ya yi aiki da shi. In kun buga wasiƙar nan zan samu ranar da kasuwa ta yi sauƙi in je rumfarsa da katin asibitina, ba ya karatun boko, zan zauna in karanta masa ita da kaina.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatunku daga Agege, Legas.